Laifin Wa? Tarihin Gardamar Kuskure a Lissafin Masu Jifa na Wasan Besbol

Duk shekara, da zarar sanyi ya fara sakin arewacin Amurka, watau ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, sai a buɗe kakar wasan besbol. Kowace ƙungiya a manyan rukunonin ƙasar tana da wasa 162 a gabanta, ba za a gama ba sai wajen ƙarshen Satumba. To amma 'yan kallo ba su da haƙurin jira. Kafin a yi wasa goma an riga an naɗa wani sarki an tuɓe wani, a shagon aski, da gidan rediyo, da shafin jarida. Wasu su ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, wasu su ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A cikin wannan cacar baki akwai wata lamba da ta fi kowace yawo, wadda Amurkawa suke taƙaita sunanta da haruffa uku, ERA. Da ita ake auna mai jifa. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi tarihin wannan lamba, musamman yadda take ɗaukar kuskuren 'yan wasa, domin a nan ne gardamar take, kuma ta girmi duk masu yin ta a yau.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a ɗan bayyana wasan ga mai karatun da bai taɓa ganinsa ba. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum tara. Ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaron fili. Mai jifa yana tsaye a tsakiya, yana jefa ƙwallo ga mai bugu wanda ke riƙe da kulki. Bayan mai bugu akwai mai cafiya a tsugune, sauran bakwai kuwa suna warwatse a fili. Idan mai bugu ya sami ƙwallon sai ya ruga, yana bin zango huɗu ɗaya bayan ɗaya; in ya kewayo ya taka na huɗu, wanda ake kira gida, ƙungiyarsa ta sami maki ɗaya. Masu tsaro kuwa aikinsu su fitar da shi, ko ta cafe ƙwallon tun bai taɓa ƙasa ba, ko ta kai shi zango kafin mai gudu ya isa. In an fitar da mutum uku sai a yi musanya. Idan kowane ɓangare ya yi nasa bugun, an yi abin da za mu kira turmi ɗaya, aron kalmar 'yan dambe. Wasa turmi tara ne.

Makin da aka ci mai jifa an kasa shi biyu. Akwai wanda masu bugu suka samu da ƙoƙarinsu, bari mu kira shi makin gumi. Akwai kuma wanda ba don wani mai tsaro ya yi kuskure ba da ba a same shi ba, shi kuma makin ɓagas. ERA makin gumi kaɗai take ƙirgawa: a ninka shi sau tara, a raba da yawan turmin da mutum ya jefa. Wanda lambarsa ke ƙasa da 3.00 gwani ne, wanda tasa ta haura 5.00 kuwa aikinsa yana rawa.

Yanzu dubi abin da wannan rabo yake haifarwa a watan Afrilu. A ɗauka wani ya jefa turmi 12 a wasa biyu, an ci shi maki 6, huɗu daga ciki sun biyo bayan wani ƙwallo da ya doki hannun mai tsaro ya wuce. In aka rubuta abin a matsayin kuskure, lambarsa 1.50 ce, za a kwana ana yabonsa. In aka ce bugun ne ya yi ƙarfi, babu laifin mai tsaro, lambarsa ta zama 4.50, za a kwana ana cewa a sallame shi. Jifan bai canja ba, hannun mai rubutu ne ya karkata. Idan kaka ta ƙare, mutum ya jefa turmi 200, waɗannan maki huɗu ba za su motsa lambar fiye da 0.18 ba. Shi ya sa gardamar kuskure take tashi da farkon kaka, ta kwanta da rani, ta jira baɗi.

Ba a rasa dalilin ɗokin Afrilu ba. A 1981 wani saurayi ɗan Meziko mai shekara 20, Fernando Valenzuela, ya buɗe wa Los Angeles Dodgers kaka, ya ci wasanninsa takwas na farko a jere, biyar daga ciki ba a ci shi ko maki ɗaya ba, lambarsa tana 0.50. Ya ƙare shekarar da 2.48, wanda ba abin raini ba ne, har ya karɓi kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa. A 2010 Ubaldo Jiménez na Colorado ya kai ƙarshen Mayu da 0.78, ya ƙare da 2.88. Miya ta ƙare, an ga maci tuwo, amma ba irin wanda aka zata da fari ba.

Asalin Makin Gumi

Wanda ake jingina wa wannan dabara shi ne Henry Chadwick. An haife shi a Exeter ta Ingila a 1824, iyayensa suka kawo shi Brooklyn a 1837. Da labarin wasan kurket ya fara aikin jarida, daga baya besbol ya ɗauke masa hankali. Shi ya tsara irin jadawalin sakamakon wasa da jaridu suke bugawa, kuma ya shafe shekaru yana shirya littattafan jagora na shekara-shekara har rasuwarsa a 1908. Chadwick mutum ne mai wa'azi. Ya tsani caca da shaye-shaye a tsakanin 'yan wasa, kuma yana ganin lissafi hanya ce ta sanya kowa ya ɗauki nauyin aikinsa: wanda ya yi abin kirki a rubuta masa, wanda ya yi sakaci a rubuta masa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sa'ad da aka fara maganar makin gumi a shekarun 1860, ba mai jifa ake aunawa ba. Masu bugu ake aunawa. Tambayar ita ce, cikin makin da ƙungiya ta ci, nawa ta samu da kulkinta, nawa kuma abokan karawa suka miƙa mata kyauta? Mai jifa a lokacin ba shi da wani girma. Doka ta tilasta masa ya jefa daga ƙasa, hannu bai wuce ƙugu ba, kuma mai bugu yana da ikon ya ce a ba shi ƙwallo sama ko ƙasa. Ba a soke wannan iko ba sai 1887. Aikinsa kusan miƙa ƙwallo ne don a buga, masu tsaro su yi sauran.

Su kuwa masu tsaron da hannu tsirara suke aiki, a filayen da ba a daidaita ba. Safar hannu ta shigo da kaɗan-kaɗan, kuma da farko ana yi wa mai sa ta kallon rago. Bid McPhee na Cincinnati, ɗaya daga cikin gwanayen zamanin, bai yarda ya sa ta ba sai 1896. A shekarar da aka kafa National League, watau 1876, cikin kowane ƙwallo takwas da ya zo hannun mai tsaro, kusan ɗaya kuskure ne. Herman Long, wanda ake yaba wa da iya tsaro, ya bar wasa da kuskure fiye da 1,000 a kansa. A irin wannan hali raba maki gida biyu yana da ma'ana ƙwarai. Dubi Charles Radbourn na Providence a 1884: ya jefa turmi 678 da ɗoriya, an ci shi maki 216, amma 104 kawai ne na gumi. Fiye da rabi ɓagas ne. Littattafan yau suna ba shi 1.38, da an ƙirga duka, da 2.86 ce. Shi kansa Radbourn bai taɓa jin wannan lamba ba, masu bincike ne suka haƙo ta daga tsofaffin jaridu bayan ya daɗe a kabari.

Daga 1884 aka ƙyale mai jifa ya ɗaga hannu sama, a 1893 kuma aka tsayar da nisan da ke tsakaninsa da mai bugu a ƙafa 60 da inci 6, inda yake har yanzu. Nan take ya zama uban tafiya, sai aka shiga neman ma'aunin da ya dace da shi. Wanda ake da shi, watau yawan wasan da ya ci da wanda ya faɗi, ya dogara ne da ƙoƙarin abokansa masu bugu. Ga shi kuma an fara canja mai jifa a tsakiyar wasa, har ba a san wa za a ba nasara ba. Sakataren National League, John Heydler, shi ya shigar da ERA cikin lissafin hukuma a 1912, Jeff Tesreau ya zo na ɗaya da 1.96. Shugaban American League, Ban Johnson, ya bi sahu a 1913, ya ma zarce, domin ya yi shekaru ba ya bari a buga adadin ci da faɗuwa a lissafin rukuninsa. Ma'aunin da aka ƙera don masu bugu na zamanin hannu tsirara, shi aka juya aka rataya wa mai jifa, daidai lokacin da safar hannu ta fara rage kuskure.

Akawu da Turmin da Ba a Yi Ba

Wa yake cewa wannan kuskure ne, wancan ba kuskure ba? Alƙalin wasa ba ruwansa. Wani mutum ne guda da ke zaune can sama a ɗakin 'yan jarida, wanda za mu kira akawun wasa. Shekaru da yawa 'yan jaridar da ke bin ƙungiyar gida ne suke riƙe da wannan aiki, watau mutumin da zai rubuta wa ɗan wasa kuskure da rana, shi ne zai je neman hira da shi da yamma, su kuma shiga jirgi ɗaya gobe. Sai wajen 1980, bayan jaridu da dama sun hana ma'aikatansu, aka koma ɗaukar mutane na dabam.

Doka ta ce kuskure shi ne kasa yin abin da matsakaicin ɗan wasa zai yi da ƙoƙari na yau da kullum. Da akawu ya yanke cewa an yi kuskure, sai doka ta umurce shi da wani abin mamaki: ya sake gina turmin a zuciyarsa, kamar kuskuren bai faru ba, ya ƙirga makin da za a ci a wannan turmi na zuci. In ya yi shakka, ya rinjayar wa mai jifa. Ashe ke nan lambar da ake ta rantsuwa da ita, wani ɓangarenta labarin wasan da ba a taɓa yi ba ne.

Wani lokaci wannan hukunci adalci ne tsantsa, kuma ba wanda zai yi musu. Ranar 26 ga Mayu 1959 Harvey Haddix na Pittsburgh ya fitar da mutum 36 a jere a gidan Milwaukee Braves, turmi 12 cur ba wanda ya taka zangon farko. Abokansa kuwa sun kasa cin ko maki ɗaya. A turmi na 13 Félix Mantilla ya buga ƙwallo a ƙasa, Don Hoak ya ɗauka ya yi mummunan jifa zuwa zangon farko, Mantilla ya tsira. Shi ne ya ci makin da ya ƙare wasan 1 da 0. An rubuta wa Haddix faɗuwa, amma makin ɓagas ne, bai taɓa lambarsa ba. Wanda duk ya ce a ɗora masa wannan maki, sai ya ji nauyin bakinsa.

To amma a dubi wani wasan, shi ma na farkon kaka. Ranar 23 ga Afrilu 1964 Ken Johnson na Houston ya jefa turmi tara da Cincinnati ba tare da kowa ya sami sahihin bugu a kansa ba, duk da haka ya faɗi 1 da 0. A turmi na tara Pete Rose ya ɗan dungure ƙwallo gaban mai jifa, Johnson da kansa ya ɗauka ya wurga shi inda ba kowa, Rose ya kai zango na biyu. Daga baya Nellie Fox ya yi nasa kuskuren, Rose ya shiga gida. Makin ɓagas ne a littafi. Dalili? Doka ta ce da zarar ƙwallo ya bar hannun mai jifa, shi ma mai tsaro ne kamar kowa, don haka kuskuren Johnson mai tsaro ba ya hawa kan Johnson mai jifa. Mutum ɗaya, hannu ɗaya, amma an raba shi biyu don a wanke rabi.

Na uku ya fi su ban dariya. Ranar 1 ga Yuli 1990 Andy Hawkins na Yankees ya kai turmi na takwas a Chicago ba a sami sahihin bugu a kansa ba. An fitar da mutum biyu, sai mai tsaron zango na uku ya yi kuskure. Hawkins ya ba mutum biyu kyautar zango a jere, watau ya yi ta jifa a bauɗe har doka ta ba su izinin wucewa ba bugu. Sa'an nan masu tsaron bayan fili biyu suka yar da ƙwallo ɗaya bayan ɗaya. Wasa ya tashi 4 da 0, duka ɓagas. Ba shakka abokansa sun cuce shi. Amma mutum biyu daga cikin huɗun da suka shiga gida, shi ya ɗora su a hanya da hannunsa. Ƙa'idar ita ce, in an fitar da biyu, aka yi kuskuren da ya hana fitar da na uku, to duk abin da ya biyo baya ba na mai jifa ba ne, ko da mutum goma za su buga ƙwallo ya tsallake shinge. Sai ka ce an ba shi takardar hutu a tsakiyar aiki.

Akwai kuma batun ƙwallon da ya wuce mai cafiya. In akawu ya ga jifan ne ya bauɗe, makin da ya biyo baya na gumi ne. In ya ga mai cafiya ne ya bari ya kuɓuce, na ɓagas ne. Masu cin ribar wannan su ne masu wani irin jifa da ƙwallo ba ya juyawa, sai ya riƙa rawa a iska, mai bugu bai san inda zai bi ba, mai cafiya ma haka. A 1987 Geno Petralli na Texas ya kuɓutar da ƙwallo 35, mafi yawansu daga hannun Charlie Hough mai irin wannan jifa. Wa ya jawo kuɓucewar, in ba wanda ya zaɓi ya jefa abin da ba ya kamuwa ba? Haka nan mai jifan da ke sa ana buga ƙwallo a ƙasa ya fi tara makin ɓagas, don kuwa a ƙasa aka fi yin kuskure. Wannan halin jifansa ne, ba tsautsayi ba, amma lambar tana yafe masa shekara bayan shekara.

Babban rauni dai, a ganina, yana cikin ma'anar kuskuren kansa. Kusan kullum sai hannu ya kai ga ƙwallo ake rubuta shi. Mai zafin nama da ya ruga ya cim ma ƙwallo ya suɓuce masa, shi ke da laifi. Mai nauyin jiki da bai ma iso wurin ba, littafinsa fes, an rubuta sahihin bugu, makin ya hau kan mai jifa. Mutum biyu su tsaya suna kallon juna ƙwallo ya faɗi tsakaninsu, galibi ba a rubuta wa kowa komai. Wanda ya jefa zuwa zangon da bai kamata ba, doka ta ce ɓatan tunani ba kuskure ba ne. Daɗin daɗawa, lissafin gefe ɗaya yake gyarawa. Ana cire wa mai jifa makin da sakacin abokinsa ya jawo, amma ba a taɓa ƙara masa makin da bajintar abokinsa ta hana ba. Wanda Allah ya haɗa da gwanayen tsaro yana cin guminsu, ba mai tambayarsa.

Masu Tawaye

Wanda ya fara yi wa wannan tsari tawaye da babbar murya shi ne Bill James, mai gadin dare a wata masana'antar wake na gwangwani a jihar Kansas, wanda ya fara buga ɗan littafinsa Baseball Abstract da kuɗin aljihunsa a 1977. Hujjarsa ita ce sauran lissafin wasan suna rubuta abin da ya faru, kuskure kuwa yana rubuta abin da wani ɗan kallo yake ganin ya kamata ya faru. Ya ce a daina ƙirga abin da mai tsaro ya yar, a ƙirga yawan ƙwallon da yake kaiwa gare shi. A 2001 Voros McCracken ya zo da abin da ya fi wannan girgiza mutane. Ya nuna cewa da zarar an buga ƙwallo cikin fili, ikon mai jifa a kan abin da zai faru kaɗan ne ƙwarai, bai kai yadda ake zato ba; wanda ya yi fice a wannan fanni bana, baɗi sai a same shi a tsakiya ko a ƙasa. Daga nan aka ƙera ma'aunin FIP, wanda ke duban abin da ba ruwan masu tsaro da shi kawai: wanda mai jifa ya fitar da jifansa, wanda ya ba kyautar zango ko ya doka da ƙwallo, da bugun da ya tsallake shinge.

Yau manyan ma'adanan lissafin wasan guda biyu sun rabu a kan wannan. FanGraphs tana gina darajar mai jifa a kan FIP. Baseball-Reference kuwa tana ƙirga duk makin da aka ci shi, na gumi da na ɓagas, sa'an nan ta yi ragi ko ƙari gwargwadon ƙarfin tsaron ƙungiyarsa gaba ɗaya. Sun saɓa wa juna sosai, amma mai karatu zai lura babu wadda ta dogara da rabon Chadwick. Ni hanya ta biyu ta fi kwanta mini, domin ta fara da abin da ya auku a idon kowa, ba ta fara da turmin zuci ba. Kuma gwani ba ya asarar komai da ita. Bob Gibson na St. Louis, a shekararsa ta 1968 da ta sa aka rage tudun mai jifa daga inci 15 zuwa 10, an ci shi maki 49 a turmi 304 da ɗoriya, 38 na gumi. Lambarsa 1.12 ce, in an haɗa duka ta zama 1.45. Har yanzu ba mai kama ƙafarsa.

Me ya sa to ba a yar da tsohon ma'aunin ba? Sabo na ɗaya. Yaro ya gāji lambar daga kakansa, ya san 1.14 ta Walter Johnson a 1913 da 0.96 ta Dutch Leonard a 1914 kamar yadda ya san ranar haihuwarsa. Na biyu, kuskure ya ragu ƙwarai, yanzu bai kai biyu cikin ɗari na ƙwallon da ke zuwa hannu ba, makin ɓagas kuma bai kai ɗaya cikin goma ba, don haka ɓarnar ba ta cika fitowa fili ba sai a 'yan makonnin farko. Na uku kuɗi. Tun 1974 ake kai saɓanin albashi tsakanin ɗan wasa da ƙungiya gaban mai sasantawa, kuma da irin waɗannan lambobi ake kafa hujja. Shi ya sa har ƙara ake ɗaukakawa zuwa ofishin hukumar wasan a kan hukuncin akawu, mai jifa yana so a ce kuskure ne, mai tsaro abokinsa yana so a ce ba shi ba ne, alhali ɗakin sa kaya ɗaya suke shiga.

A 2020, shekarar annobar korona, hukumar ta kawo sabuwar doka don rage tsawon wasa, ta kuma tabbatar da ita a 2023 ga wasannin kaka. In an tashi turmi tara kunnen doki, kowane ƙarin turmi ana fara shi ne da mai gudu tsaye a zango na biyu, ba tare da ya buga komai ba. Sai tambaya ta taso: in ya shiga gida, makin na wa? Amsar da aka bayar ita ce a ɗauka ta hanyar kuskure ya hau zangon, amma kada a rubuta wa kowa kuskuren. Yanzu mai jifa yana iya shigowa a turmi na goma, a dungure masa ƙwallo mai gudu ya matsa zango na uku, a ɗaga wani sama a cafe mai gudu ya ruga gida. Ya fitar da duk mutum biyun da ya fuskanta, ba wanda ya yar da ƙwallo, an rubuta masa faɗuwa, lambarsa ta ranar kuwa 0.00.